Mahayan Poland Ba Su Sari Tanki da Takobi Ba

An daɗe ana yaɗa cewa a 1939, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, mahayan dawakin Poland sun zare takubba sun afka wa tankokin Jamus. Ba haka aka yi ba, kuma maganar cin fuska ce ga mazajen da suka san aikinsu.

Ran 1 ga Satumba, kusa da ƙauyen Krojanty, mahayan Kanar Kazimierz Mastalerz suka riski sojojin ƙasa na Jamus suna hutawa a fili, suka far musu, suka tarwatsa su. Sai motoci masu sulke suka ɓullo suka buɗe wuta, Kanar ya rasu tare da wasu mutanensa. Daga baya aka kai 'yan jarida wurin, suka tarar da gawarwakin mutane da dawaki kusa da tankokin da suka iso bayan an gama faɗan. Farfagandar Jamus ta ɗora daga nan.

Takobin nasu lanƙwasasshe, ƙirar 1934 da masana'antar Ludwików ta birnin Kielce ke yi a lokacin, don karo da mutum aka ƙera shi. Don karo da tanki kuwa suna da igwar Bofors mai milimita 37 da bindigar huda sulke. Da irinsu, a ranar dai, a ƙauyen Mokra, wasu mahayan suka sauka daga kan dawaki suka tare runduna ta 4 ta tankokin Jamus, suka lalata tankoki da dama.