Cire yatsan gefe na kare

Yatsan gefe shi ne ɗan ƙaramin yatsa mai farce da yake a gefen ciki na ƙafar kare, can sama da sauran yatsu huɗu, inda ba ya taɓa ƙasa idan karen yana tsaye. A tsarin halitta matsayinsa ɗaya da babban yatsan hannun mutum. Kusan kowane kare ana haihuwarsa da shi a ƙafafun gaba, amma a ƙafafun baya sai ɗaiɗaiku. Masu kiwon karnuka a Turai da Amurka sun daɗe suna yanke shi tun karen yana kwikwiyo, kuma har yau ana ja-in-ja tsakaninsu da likitocin dabbobi kan ko akwai dalilin yin haka.

Na gaba da na baya

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa su da ake yi a magana ɗaya, alhali ba abu ɗaya ba ne. Na gaba yana da ƙasusuwa biyu da gaɓa, kuma jijiyoyi sun ɗaure shi da tsokar ƙafa. In ka kama shi ka motsa, za ka ji shi a kafe, sai ɗan gaba da baya kawai yake yi. Kare yana danne ƙashi da shi lokacin da yake gwaguya, yana kuma kafa shi idan zai haura gaɓar rafi. A tsakiyar gudu kuwa ƙafar takan lanƙwashe sosai har yatsan ya taɓa ƙasa, ya taimaka wurin shan kwana. Shi ya sa ake ganin laka ko ciyawa a maƙale a farcen bayan karen ya dawo daga farauta.

Na baya kuwa cindo ne a mafi yawan karnuka. Sau da yawa fata ce kawai take riƙe da shi, yana reto, babu ƙashin da ya haɗa shi da ƙafa. Irin wannan shi ne ƙaya ko waya ko bargo suke sarƙewa, ya yage.

Duk da haka akwai nau'o'in da ake alfahari da cindonsu. Ƙa'idar kiwo ta ce dole ne Briard da Beauceron na Faransa, da babban karen makiyaya na duwatsun da suka raba Faransa da Sifen, su kasance da cindo biyu-biyu a kowace ƙafar baya, kuma a gasar nuna karnuka rashinsu aibi ne babba. Lundehund na ƙasar Norway yana da yatsu shida a kowace ƙafa, da su ne yake hawa duwatsun bakin teku yana zaƙulo tsuntsaye daga ramukansu. Karen daji na Afirka kuma ba shi da yatsan gefe ko a gaba.

Dalilan masu cirewa da masu hanawa

Hujjar masu cirewa rigakafi ce. Farcen da ya yage yana zubar da jini sosai, yana da zafi, kuma yakan yi ruwa in ba a kula ba. Suna cewa gara a yanke shi tun ƙashin yana guringuntsi da a jira karen ya girma a yi masa tiyata. Wasu kuma ado kawai suke nema, don ƙafar ta fito sumul a filin gasa. Babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, tana ɗaukar cirewar a matsayin abin da ba laifi.

Masu hanawa suna cewa mafi yawan karnuka suna gama rayuwarsu ba su taɓa jin rauni a wurin ba, don haka babu ma'ana a yanke wa dukan 'ya'yan karya gaɓa saboda tsoron abin da zai sami ɗaya. Christine Zink, likitar dabbobi a Amurka da ta shahara kan karnukan wasanni, ta yi bayanin cewa jijiyoyi biyar ne suke haɗe da yatsan gaba, kuma a cikin karnukan da ta duba ta fi ganin amosanin wuyan ƙafa ga waɗanda aka yanke wa shi. Wannan lura ce ta asibiti, ba ta kai hukuncin da aka rufe magana a kansa ba, amma ta yi tasiri ƙwarai ga masu karnukan tsere da na farauta. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin likitoci yanzu shi ne a bar na gaba muddin lafiyarsa ƙalau, a duba na baya gwargwadon yadda yake reto da irin wurin da karen yake yawo. Idan yatsan ya karye, ko ƙari ya fito a kansa, ko yana ta yagewa, to nan babu gardama, cirewa magani ce.

Yadda ake aikin

Ga kwikwiyo, ana yi ne tsakanin kwana 3 zuwa 5 da haihuwa, kafin ya buɗe ido. A da an ɗauka jariran dabbobi ba sa jin zafi sosai, amma an bar wannan tunanin, shi ya sa likitoci da yawa suke yin allurar kashe zafi a wurin. In mai yankan bai kai gindin farcen ba, wani karkataccen farce yakan sake tsirowa, wani lokaci a ƙarƙashin fata. Wannan ya fi faruwa ga masu yi a gida da almakashi.

Ga babban kare aikin tiyata ne sosai: a sa shi barci, a raba gaɓar, a ɗinke, a naɗe da bandeji. Ana warware ɗinkin bayan kwana 10 zuwa 14, kuma duk tsawon lokacin sai an sa masa mazurarin roba a wuya, in ba haka ba zai lashe wurin har ya tsinke zaren. Saboda nauyin sa barci, akan haɗa cire cindon baya da ranar da za a yi wa karen fiɗiya.

Doka

Yarjejeniyar Turai ta kare dabbobin gida, wadda aka sa wa hannu a birnin Strasbourg na Faransa a 1987, ta hana tiyatar da ba ta magani ba, kamar yanke kunne da jela da cire farata. A Jamus dokar kare dabbobi ba ta yarda a yanke wa kare yatsan gefe ba sai likita ya ga larura. Ingila ta fi sassauci: dokar likitocin dabbobi ta 1966 ta bar wanda ya kai shekara 18 ya cire yatsan kafin kwikwiyo ya buɗe ido, bayan nan kuwa sai likita, kuma da maganin kashe zafi.

Kula da shi in an bar shi

Da yake farcen ba ya gogar ƙasa, ba ya cinyewa kamar sauran. In aka manta da shi sai ya yi ta lanƙwashewa har ya huda fatar ƙafar, kuma a karnuka masu yawan gashi ba a cika lura ba sai an ga karen yana ɗingishi ko yana ta lasar wurin. Ana datse tsininsa duk bayan 'yan makonni, kaɗan-kaɗan, a tsaya kafin jan naman da yake cikin farcen. A farin farce ana hango jan daga waje. A baƙi ba a gani, sai a riƙa ɗebe ɗan kaɗan ana duba bakin yankan, da an ga wani ɗigo mai damshi a tsakiya a dakata.