Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, mai zuwa ya tafi, ya kuma dawo. Yakan kama gefe guda na kai, mutum ya ji kansa na sara kamar ana buga ganga a ciki, idan ba a sha magani ba ya ɗauki awa 4 zuwa 72. Sau da yawa yakan zo da tashin zuciya ko amai, mai shi ya tsani haske da hayaniya, har ya shige ɗaki ya ja labule. Mata sun ninka maza kusan sau uku wajen fama da shi, kuma yana bin jini a dangi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sukan ga alamun gargaɗi kafin ya sauka: walƙiya mai zane-zane a ido, wani ɓangare na gani ya ɓace, ko hannu da leɓe su yi mintsini. Wannan yakan ɗauki minti 5 zuwa 60. Rashin barci, jinin al'ada, damuwa, yunwa da ƙishirwa suna tayar da shi, shi ya sa wasu ke shan wuya a kwanakin farko na azumi.

Babu gwajin jini da ke nuna shi, hoton ƙwaƙwalwa ma yakan fito lafiya lau. Daga bakin majinyaci likita ke gano shi: yaushe ya fara, ina yake kamawa, hawa bene na ƙara shi? A ƙa'idar likitoci, sai an samu irin wannan tashin aƙalla sau biyar kafin a tabbatar da nau'in da ba ya zuwa da gargaɗi. Likita zai kuma auna hawan jini, ya haska cikin ido, ya duba wuya, don kada a ɗauki babbar cuta a matsayin ƙarama. Ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya (a yankin Sahel sanƙarau ake fara zargi, musamman lokacin zafi), ko da raunin gefen jiki, ko sabo bayan shekara 50, ko ga mai ciki da jininta ya hau, duk na gaggawa ne.

Da zarar ciwon ya kunno ake shan magani, ba sai ya yi ƙamari ba. Asfirin, ibuprofen ko farasitamol sukan isa wasu. In sun gaza, sai magungunan dangin triptan, waɗanda na farkonsu, sumatriptan, ya fito a 1991. Tramadol da kodin ba maganinsa ba ne. Wanda ciwon ke yawan kayarwa akan ɗora shi kan maganin riga-kafi na kullum, kamar propranolol, amitriptyline ko topiramate, kuma tun 2018 akwai allurar erenumab, sai dai tsada.

Babban tarkon shi ne kemis. Wanda ke haɗiyar farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko triptan kwana 10, shi kansa maganin zai iya mayar da ciwon na kullum. Mace mai ganin alamun gargaɗi kuwa, akan hana ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.