Garkuwar sinadarai a ganyen bishiyar turare

Bishiyar turare, wadda masana ke kira Eucalyptus, asalinta Ostireliya, inda take da ire-ire sama da 700. Ita ce dai ake shukawa a arewacin Najeriya da Nijar don tare iska. A ƙasarta ganyen yana nan rani da damina, amma duk da yawansa, dabbobi masu shayarwa huɗu ne aka sani suna cinsa sosai: kowala, fosum mai wutsiyar goga, fosum mai naɗe wutsiya, da babban fosum mai shawagi tsakanin bishiyoyi. Dukansu dabbobi ne masu zama a kan bishiya, kuma a jakar ciki suke goyon 'ya'yansu. Abin da ya hana sauran dabbobi shi ne ƙarancin furotin a ganyen da kuma sinadaran da bishiyar ke kare kanta da su.

Mai ƙamshi da mai tayar da zuciya

An daɗe ana ɗora laifin a kan man da ke cikin ganyen, musamman sinadarin siniyol, mai ƙamshin nan da ke tashi idan aka murje ganye a hannu. Sai dai wannan bayani bai warware wata matsala ba: za a ga bishiyoyi biyu iri ɗaya suna kusa da juna, kowala ya cinye ɗaya ƙarƙaf, ɗayar ko taɓa ta bai yi ba.

A wajajen ƙarshen shekarun 1990 ne William Foley da abokan aikinsa a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka nuna cewa wani rukunin sinadarai ne daban, da ake taƙaita sunansa da FPC, ke rage cin ganyen. Cikinsu akwai sideroxylonal da macrocarpal da jensenone. Gwargwadon yawansu a ganye, gwargwadon yadda dabba ke ja da baya. Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne wanda aka ba fosum maganin ondansetron, mai hana amai, sai ga shi ya ƙara cin abincin da aka haɗa da jensenone. Ashe tashin zuciya ne ke tsayar da shi.

Man bai zama na banza ba. A wasu ire-iren, bishiyar da ke da siniyol da yawa ita ce kuma mai FPC da yawa, don haka dabbar da ta taɓa shan wahala takan gane haɗarin tun daga ƙamshi. Ana ganin shi ya sa kowala ke shinshina ganye kafin ya kai baki. A 2005 Ben Moore da Foley sun wallafa binciken da suka yi a Tsibirin Filip da ke jihar Biktoriya, inda suka ga kowala na ƙaurace wa bishiyoyi masu FPC da yawa ko a daji, ba a keji kaɗai ba.

Wani babban reshe na dangin turare ba shi da FPC kwata-kwata. An samu wasu sinadarai dabam a cikinsa masu korar fosum mai wutsiyar goga.

Tanin da guba

Tanin shi ne sinadarin nan mai bauri irin na bagaruwar da majema ke jima da ita. Yana manne wa furotin ya hana jiki amfana da shi. An ga cewa matan fosum da ke zaune inda ganye ke da furotin mai narkewa sun fi haihuwa. Wasu ire-ire kaɗan, kamar Eucalyptus cladocalyx, suna fitar da gubar sayanayid idan aka tauna ganyensu.

Yadda dabbobin ke jurewa

Kowala yana da wani reshen hanji mai tsawon kusan mita 2, cike da bakteriya masu narkar da ganye. Ɗansa yana gadon su ne ta hanyar cin wani kashi mai laushi da uwar ke fitarwa lokacin da zai fara cin ganye. Hantar kowala na warware sinadarai masu guba da ke cikin ganyen su fita da fitsari, kuma nazarin ƙwayoyin halittarsa da aka wallafa a 2018 ya nuna yawaitar ƙwayoyin gado masu wannan aiki. Sauran dabarar hutu ce, domin yakan yi kamar awa 18 zuwa 20 a rana yana barci ko kwance.

Ko saboda waɗannan dabbobi bishiyar ta samar da FPC, ko saboda ƙwari masu cin ganye, masana ba su daidaita ba.