Dune: Jerin Littattafan Frank Herbert

Dune jerin littattafan ƙagaggen labarin kimiyya ne da marubucin Amurka Frank Herbert (1920–1986) ya ƙirƙira. Tushensa tafiya ce da ya yi a 1957 zuwa garin Florence a jihar Oregon, don rubuta rahoto kan yadda ake shuka ciyawa a tsayar da tuddan rairayi masu cin gonaki da hanyoyi. Rahoton bai fito ba, sai littafin farko, Dune, ya fito a 1965, bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 20 sun ƙi karɓarsa. Chilton, kamfanin da aka sani da littattafan gyaran mota, shi ya buga. Littafin ya ci kyautukan Nebula da Hugo, manyan kyautukan ƙagaggen labarin kimiyya. Herbert ya rubuta guda 6, na ƙarshe a 1985, sannan ɗansa Brian da Kevin J. Anderson suka ɗora daga 1999.

Labarin yana faruwa ne a Arrakis, duniyar da hamada ce zalla, kuma nan kaɗai ake samun melanj, sinadarin da ke ƙara tsawon rai, wanda tafiya tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi. Manyan gidajen sarauta na kashe juna a kansa.

Sai dai abin da ya fi kama zuciyar mai karatu shi ne ruwa. Mutanen hamadar, Fremen, suna sa wata tufa mai tara gumi da tururin numfashi ta tace su, mutum ya sake sha ta ɗan bututu a bakinsa. Tofa yawu a gaban baƙo girmamawa ce, domin an ba shi abin da ya fi komai tsada. In mutum ya rasu, ruwan jikinsa na ƙabila ne. Wanda ya zubar da hawaye kan mamaci kuwa, kallon mamaki ake masa. Wanda ya san rani ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kalmomin Larabci irin su Mahdi da Lisan al-Gaib ma ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe.

Ƙarfin jerin ya fito sosai a littafi na biyu, Dune Messiah (1969). Paul Atreides, jarumin da aka yi wa mubaya'a a matsayin mai ceto, ya zama sarkin da yaƙin mabiyansa ya hallaka mutum biliyan 61. Herbert ya bar mai karatu ya ƙaunace shi tukuna, sannan ya nuna masa gawarwakin.

Finafinan Dune na darakta Denis Villeneuve na 2021 da 2024 sun sake jawo matasa da dama zuwa ga littafin farko.