Me ake nufi da "sanda mai yafiya" a tallan kayan golf?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon tallan sandunan golf, ko na kamfanin Ping ne, ko Callaway, ko TaylorMade, ya ci karo da kalmar forgiveness. Fassararta kai tsaye ita ce yafiya. Mai karatu zai ce, ƙarfe kuma da yafiya? Amma kalmar ba ado ba ce kawai, akwai lissafi a ƙarƙashinta, kuma ya kamata wanda zai zuba kuɗinsa ya san inda yafiyar ta fara da inda ta tsaya.

A fuskar kowace sanda akwai wani ɗan wuri a tsakiya, inda in ƙwallo ta same shi hannu ba ya jin girgiza, sai dai a ga ƙwallo ta miƙe ta yi nisa. Matsalar ita ce ko gwanaye ba kullum suke dacewa da wurin ba, balle ɗan koyo. In ƙwallo ta bugi gefe, wajen baki ko wajen gindin mariƙi, kan sandar yakan ɗan murɗe a daidai lokacin haɗuwar. Wannan 'yar murɗewar ce ke cinye ƙarfin bugu, ta kuma karkatar da ƙwallo. Sandar da ake kira mai yafiya ita ce wadda kanta ba ya saurin murɗewa, saboda haka kuskurenka ba ya jawo maka hukunci mai tsanani.

Ka dubi mai ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa, garwa ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. In aka kira shi daga baya, ba ya iya waiwayowa farat ɗaya, sai ya juya a hankali, domin nauyin yana can nesa da jikinsa. Da zai rungume garewanin biyu a ƙirji, da nan take zai juya, alhali ruwan bai ragu ko cokali ba. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Injiniyoyi suna kwashe nauyi daga tsakiyar kan sanda su kai shi gefe-gefe da can baya. Ma'aunin wannan turjiya ga murɗewa shi ne ake taƙaitawa da haruffan MOI, kuma yawan lambarsa, yawan yafiyar.

Mutumin da ya fi kowa cancantar yabo a nan shi ne Karsten Solheim, haifaffen Norway da ya tashi a Amurka, injiniya a kamfanin General Electric. Bai fara golf ba sai da ya haura shekara 40, kuma abin da ya fi ba shi wuya shi ne tura ƙwallo cikin rami. Maimakon ya zargi hannunsa kawai, sai ya zargi sandar. A 1959, a garejin gidansa da ke Kalifoniya, ya ƙera wadda nauyinta ke baki biyu, ya sa mata suna Ping saboda ƙarar da take yi in ta taɓa ƙwallo. A 1966 ya fito da Anser, wata sandar tura ƙwallo cikin rami, wadda har gobe kamfanoni ke kwaikwayon siffarta. Abin da ke burge ni da labarinsa shi ne ya yi tunanin mai rauni ne, ba na zakara ba.

Babbar sandar bugun farko, wadda 'yan wasa ke kira direba, da can da katako ake sassaƙa kanta, itacen fasimon, ɗan'uwan kanyar da muka sani. TaylorMade ya shigo da na ƙarfe a 1979, Callaway ya biyo da Big Bertha a 1991, mai ƙaton kai da aka raɗa wa sunan wata igwar Jamus ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan kawuna suka yi ta kumbura, har hukumomi biyu masu tsara dokokin wasan, USGA ta Amurka da R&A ta Sikotilan, suka taka birki. Girman kai ba zai wuce cc 460 ba, wato ɗan ƙasa da rabin lita, MOI kuma an tsayar da shi a 5,900.

To ina aka samo MOI 10,000 da wasu kamfanoni suka yi ta shela a tallansu? A farkon 2024 Ping ya fito da G430 Max 10K, TaylorMade ya fito da Qi10 Max, kowanne yana cewa ya kai dubu goma, kowanne a kan kusan dala 600. Ba doka suka karya ba, ba ƙarya kuma suka yi ba. Kan sanda yana murɗewa ta hanya biyu: hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Dokar ta farkon kaɗai ta ƙayyade. Kamfanonin sai suka haɗa lambobin biyu suka buga jimillar a jikin kwali. Cigaban na gaske ne, har Nelly Korda, shahararriyar 'yar wasan golf ta Amurka, da Qi10 Max ta yi wasa a shekarar da ta ci gasa biyar a jere. Amma wanda bai san yadda aka yi lissafin ba zai zaci an ninka abin da doka ta yarda ne, kuma a ganina talla bai kyauta ba da yake barin mutane cikin wannan zato.

Ga abin da ya fi damuna. Yafiyar sanda kuskure iri ɗaya take rufewa, wato kuskuren wurin da ƙwallo ta taɓa. In fuskar sandar ta iso a buɗe, tana kallon dama, ƙwallo dama za ta tafi, ko da MOI ya kai dubu nawa. In lilon hannunka ya yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, za ta yi baka ta faɗa ciyawa kamar yadda ta saba. Wannan aikin mai koyarwa ne da yawan atisaye. Akwai kuma abin da ake bayarwa a musaya: nauyin da aka tura baya yakan ƙara wa ƙwallo juyi a iska, wanda ke rage wa masu ƙarfin bugu nisa, shi ya sa kamfani ɗaya ke fitar da kai iri uku ko huɗu a shekara guda.

Wanda ke wasa a Kaduna ko Rayfield ta Jos, yana lissafin dala 600 da kuɗin Naira, ya tuna cewa iyakar cc 460 ta kai shekara 20 tana aiki. Tsohon direban da aka ƙera shekara biyar ko shida da suka wuce, in fuskarsa ba ta tsage ba, a ƙarƙashin doka ɗaya aka yi shi da sabon. Kafin ka saya, ka shafa alli a fuskar sandar da kake da ita, ka buga ƙwallo goma, ka duba inda tabon ya taru. In ya warwatse ko'ina, babban kai mai nauyi a gefe zai taimake ka sosai. In tabon yana tsakiya amma ƙwallo na ci gaba da karkata, kuɗin ya fi amfani a hannun mai koyarwa.