Rikicin Makamai Masu Linzami na Kyuba (1962)

Rikicin Makamai Masu Linzami na Kyuba takaddama ce da ta ɓarke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga 16 zuwa 28 ga Oktoba, 1962, bayan Amurka ta gano cewa Sobiyet na girke makaman nukiliya a tsibirin Kyuba, kimanin kilomita 145 daga gaɓar jihar Florida. Masana tarihi da yawa na ganin a duk tsawon Yaƙin Cacar Baka ba a taɓa kusantar yaƙin ƙare dangi kamar a waɗannan kwanaki 13 ba. Shugabanni uku ne a tsakiyar lamarin: John F. Kennedy na Amurka, Nikita Khrushchev na Sobiyet, da Fidel Castro na Kyuba.

Mafarin rikicin

Castro ya karɓi mulki a Janairun 1959 bayan ya kori Fulgencio Batista. Ba a jima ba gwamnatinsa ta ƙwace kamfanonin Amurkawa da ke tsibirin, ta kuma karkata ga Mosko. A Afrilun 1961 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tura 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 su kifar da shi, aka murƙushe su cikin kwana uku. Tun daga nan Havana da Mosko suka sakankance cewa wani harin yana tafe, kuma wannan karon da sojojin Amurka ne kansu.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi a wurin Khrushchev. Duk da cika bakin da yake yi, ƙasarsa tana baya nesa ba kusa ba a tseren makamai: makamanta masu linzami da za su iya kaiwa Amurka daga gida ba su kai 50 ba, alhali na Amurka sun haura 100, ban da ɗaruruwan jiragen yaƙi masu ɗaukar bam. Ga kuma makaman Jupiter da Amurka ta girke, 30 a Italiya, 15 a Turkiyya, wato a bakin ƙofar Sobiyet. Kai makamai masu matsakaicin zango Kyuba hanya ce mai arha ta cike wannan giɓi, ramuwar gayya ce kuma.

An yi jigilar a asirce cikin watannin tsakiyar 1962, aka raɗa wa shirin suna Anadyr, sunan wani kogi a can yankin ƙanƙara na Sibiriya, don a ɓatar da sawu. Sojojin Sobiyet sama da 40,000 suka isa tsibirin ƙarƙashin Janar Issa Pliyev, tare da makaman R-12 masu cin zangon kilomita 2,000, waɗanda ke iya kaiwa Washinton. Masu dogon zango, R-14, suna kan hanya rikicin ya ɓarke, ba su iso ba.

Kwanaki goma sha uku

Ranar 14 ga Oktoba wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ya ɗauko hotunan sansanonin da ake ginawa kusa da San Cristóbal. Da safiyar 16 ga wata aka kai wa Kennedy labari. Ya haɗa kwamitin mashawarta, ciki har da sakataren tsaro Robert McNamara, da sakataren harkokin waje Dean Rusk, da ƙaninsa Robert Kennedy, suka shafe kusan mako suna muhawara ba tare da jama'a sun sani ba. Manyan hafsoshi, musamman Janar Curtis LeMay na rundunar sama, sun nace a yi ruwan bama-bamai a kan sansanonin, a bi da mamaya. Kennedy ya tambaya ko harin sama zai lalata makaman kakaf, aka ce masa babu tabbas. Wannan amsa ta taimaka wajen karkata shi ga yi wa tsibirin ƙawanya ta ruwa.

Ranar 22 ga wata ya fito a talabijin ya sanar da duniya, ya ce duk makamin da aka harbo daga Kyuba za a ɗauke shi a matsayin harin Sobiyet kan Amurka. An kira matakin killacewa, domin a dokar ƙasa da ƙasa datse tashoshin ruwan wata ƙasa daidai yake da shelar yaƙi. Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta goyi baya washegari, ƙawanyar ta fara aiki ranar 24, ranar da kuma aka ɗaga shirin ko-ta-kwana na rundunar nukiliyar Amurka zuwa matakin da daga shi sai yaƙi. Wasu jiragen ruwan Sobiyet suka juya.

Afirka ma ta taɓa lamarin. Jiragen saman Sobiyet masu zuwa Kyuba na buƙatar wurin shan mai a hanya, sai Amurka ta roƙi Senegal da Gini su hana su sauka. Shugaban Senegal Léopold Senghor ya amince, haka ma Sékou Touré na Gini, duk da cewa ana yi masa kallon abokin Mosko. A Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, jakadan Amurka Adlai Stevenson ya baje hotunan a gaban Kwamitin Sulhu ranar 25 ga wata, bayan takwaransa na Sobiyet Valerian Zorin ya ƙi amsa ko makaman suna nan, yayin da muƙaddashin babban sakatare U Thant ke kai-komo don shiga tsakani.

Asabar, 27 ga Oktoba

Wannan rana ita ce ta fi cancantar nazari, domin abubuwan da suka kusa jawo yaƙi a cikinta ba Kennedy ne ya ba da umarninsu ba, ba kuma Khrushchev ba.

Da daren Juma'a saƙon Khrushchev ya iso, doguwar wasiƙa mai taushi, inda ya kwatanta rikicin da ƙulli a igiya wanda kowane ɓangare ke jan bakinsa, ya ce zai kwashe makaman in Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba. Da safiyar Asabar sai ga saƙo na biyu ta rediyo, mai ƙarin sharaɗi: a cire makaman Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya. Ana cikin nazarin wannan, kwamandojin Sobiyet da ke Kyuba suka harbo wani U-2 ba tare da izinin Mosko ba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. A ranar dai wani U-2 ɗin da ya tashi daga Alaska ya yi ɓatan kai ya kutsa sararin samaniyar Sobiyet ta yankin Chukotka, jiragen yaƙin ɓangarorin biyu suka tashi.

A teku kuma, jiragen yaƙin Amurka sun ritsa wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet mai lamba B-59, suna jefa masa ƙananan nakiyoyin gargaɗi don ya fito. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Mutanen ciki sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba, ga zafi, ga ƙarancin iska, batir ya kusa ƙarewa. Bisa bayanan waɗanda ke cikin jirgin, kyaftin Valentin Savitsky ya zaci yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a shirya makamin, sai wani babban hafsa, Vasili Arkhipov, ya lallashe shi, jirgin ya fito sarari. Masana sun saɓa kan yadda aka yi musayar kalaman, amma babu jayayya cewa makamin yana nan.

Shi kuwa Castro, ya riga ya rubuta wa Khrushchev cewa in Amurka ta mamaye tsibirin, kada Sobiyet ta bari a riga ta harba nukiliya. Wasiƙar ta tsorata Khrushchev maimakon ta ƙarfafa masa gwiwa.

Da daddare Robert Kennedy ya gana da jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin. Ya ba shi alkawarin rashin mamaya a fili, sa'annan a asirce ya tabbatar masa za a cire makaman Turkiyya cikin 'yan watanni, da sharaɗin kada Mosko ta bayyana wannan. Da safiyar Lahadi, 28 ga wata, Rediyon Mosko ya karanta amincewar Khrushchev. Ta rediyo aka bi domin saƙon diflomasiyya kan ɗauki sa'o'i kafin ya isa.

Abin da ya biyo baya

Ba a shawarci Castro ba, ya kuwa fusata, ya ƙi yarda masu bincike su shiga ƙasarsa, dole sai a kan teku aka riƙa duba makaman da ake mayarwa. An ɗage ƙawanyar ranar 20 ga Nuwamba bayan Mosko ta yarda ta kwashe jiragen yaƙinta samfurin Il-28, makaman Jupiter kuma aka cire su a Afrilun 1963.

Ɓoye batun Turkiyya ya bar wa duniya gurguwar fahimta na shekaru da dama: cewa Kennedy ya tsaya kai da fata, Khrushchev ya ja da baya hannu rabbana. Gaskiyar ita ce ciniki aka yi, sai a 1989 aka tabbatar da shi a fili. Khrushchev ne ya ɗauki asarar sirrin, domin abokan mulkinsa sun lissafa Kyuba cikin laifukansa da suka tuɓe shi a Oktoban 1964, magadansa kuma suka duƙufa ƙera makamai har suka kamo Amurka a farkon shekarun 1970.

A Yunin 1963 ƙasashen biyu suka amince da kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko, wanda na'urar aika rubutu ce, ba jar wayar tarho da ake yawan ambata ba. A Agustan shekarar suka sa hannu, tare da Birtaniya, kan yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sararin sama da cikin ruwa. Ƙasashen Latin Amurka suka haramta makaman a yankinsu da yarjejeniyar Tlatelolco ta 1967.

Sai a wani taro da aka yi a Havana a 1992 Janar Anatoly Gribkov na Sobiyet ya bayyana cewa sojojin Sobiyet da ke Kyuba suna riƙe da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga, waɗanda aka tanada don tarbar masu mamaya. Hafsoshin Amurka da suka tsara mamayar sun yi lissafinsu ne kan sojojin Sobiyet kimanin 10,000 kawai. McNamara, wanda ke zaune a zauren taron, a ranar ya fara jin labarin.