Wanda zai je Ghana yawon buɗe ido, ina ya kamata ya sa ƙafa?

Mako guda kawai gare ni. Ba sai in zauna a Accra in huta ba?

Ka ba Accra kwana biyu, sun ishe ta. Ka ga hubbaren Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci ƙasar zuwa 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, ka shiga kasuwar Makola, ka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin salon Turkiyya da aka buɗe a 2021. Da sassafe kuma ka leƙa Nima ko Sabon Zango. Za ka tarar da mai koko ta ɗora ƙaton mazubi a kan teburi, ƙosai na soyuwa a gefenta, ana ciniki da Hausa mai wani irin karin harshe da kunnenka zai ɗan jima kafin ya saba da shi. Abincin da duk ƙasar ke kira waakye, shinkafa da wake ne, kuma daga bakinmu sunan ya fito. Amma wanda ya tsaya a Accra ƙofar gida kawai ya gani.

To daga nan ina?

Cape Coast da Elmina, tafiyar kamar awa uku yamma da Accra in hanya ta yi kyau. Turawan Fotugal ne suka gina gidan Elmina a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Tsakanin waɗannan shekaru ya zama kurkukun bayi. Ana shigar da baƙi ɗakunan ƙasa inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa can sama, daga nan a kai ka ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgin ruwa, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. A Cape Coast ma akwai irin wannan gida, kuma a can ɗakin ibadar Turawan yana saman kurkukun maza ne kai tsaye. Ba wurin nishaɗi ba ne, kuma ina ganin bai kyautu mutum ya shiga yana raha yana ɗaukar hoton kansa ba. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya tun 1979.

Ba wani abin da zai sanyaya rai bayan wannan?

Akwai dajin Kakum, kilomita kusan 30 arewa da Cape Coast. Gadoji bakwai na igiya da katako aka rataya tsakanin manyan bishiyoyi, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Faɗin wurin taka ƙafa na mutum ɗaya ne, gadar kuma tana lilo. Mai jin jiri a sama ya haƙura ya bi ta ƙasa. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Me zai kai ni arewacin ƙasar, tunda yanayinta irin namu ne?

Giwaye. Gandun dajin Mole shi ne mafi girma a Ghana, kuma a nan ana bin dabbobi a ƙafa tare da ma'aikacin daji mai bindiga. Masaukin yana kan tudu, ƙasa da shi akwai tafki, da rani giwaye na zuwa sha da wanka kana zaune kana kallonsu. Jirgi daga Accra zuwa Tamale kamar awa ɗaya ne, sauran tafiyar a mota.

Dab da ƙofar gandun akwai ƙauyen Larabanga da masallacinsa na ƙasa, fari fat, itatuwa sun leƙo daga jikin bangonsa, ga tsohuwar kuka ta jingina da shi. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Ƙofofinsa gajeru ne, sai ka sunkuya. Har yau ana sallah a ciki, don haka ka je da alwala.

Akwai inda ya shafi Bahaushe kai tsaye?

Salaga. Ita ce Gwanjar da kakanninmu fatake ke nufa da jakuna, su kai kanwa da tufafi da kayan fata, su dawo da goro, tafiyar watanni. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku, kuma zangunan da yawa daga wannan watsewar suka cika. Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Krachi, ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Sai dai a faɗi gaskiya: Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma, da hannun fatakenmu a cinikin. Rijiyoyin da ake cewa a nan ake yi wa bayi wanka kafin a sayar da su suna nan ana nunawa. Wanda ya zubar da hawaye a Elmina ya kamata ya tsaya a bakin waɗannan rijiyoyin ma.

Yaushe ya fi dacewa, kuma me zan riƙe?

Daga Disamba zuwa Maris. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, dabbobin Mole sun taru a mashaya. Kudu ta fi samun ruwan sama mai ƙarfi a watannin Mayu da Yuni. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma katin rigakafin cutar shawara wajibi ne, ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka. Kuɗin ƙasar sidi ne, ka riƙe tsaba a aljihu in za ka ƙauyukan arewa. Ka tafi da maganin sauro da kaya marasa nauyi, domin zafin bakin teku mai danshi ne, riga na manne wa mutum a baya tun kafin hantsi.